Idan sankarar mama ta dawo ta shiga ƙashi, me ya rage a yi?

Yawanci da ciwon baya abin ke farawa. Mace ce da aka cire wa nono shekara biyu ko uku baya, ta sha kemo har sumarta ta zube ta sake tsirowa, aka ɗora ta kan 'yar ƙwayar nan da ake sha kullum, kowa a gidan ya saki jiki ana alhamdulillahi ta warke, sai wata rana ta fara cewa bayanta na damunta, ko kwankwaso, ko haƙarƙari in ta yi tari. A ce sanyi ne. A ce haihuwa ce ta taru mata, ko daka da wanki. A aiki yaro kemis ya karɓo diklofenak da man zafi, a kwashe wata biyu wata uku ana wannan. Alhali ciwon nan daban yake da na gajiya, hutu ba ya sa shi ya lafa, da dare ma ya fi tashi, tana iya ɗora yatsa ta nuna maka daidai wajen, kuma kowane sati ya fi na baya tsanani. Ranar da aka je aka yi hoto likita ya ce ya shiga ƙashi, sai ka ji dangi sun koma magana ƙasa-ƙasa, wai an gama, a mayar da ita gida kawai a ci gaba da addu'a.

Addu'a kam dole ce, babu mai ja da wannan. Amma maganar an gama ce ban yarda da ita ba, kuma wallahi mata da yawa sun sha azabar da bai kamata su sha ba saboda ita. Gaskiya ne idan dajin mama ya bazu zuwa ƙashi ko hanta ko huhu, wato mataki na 4, likitoci ba sa alkawarin warkarwa, duk wanda ya ce miki zai cire shi gaba ɗaya da wani haɗi na jarka to kuɗinki yake so. Sai dai rashin warkewa daban, rashin abin yi daban. Aiki biyu ne ke gaban likita a wannan matakin, ɗaya danne cutar ta rage gudu, ɗaya kashe raɗaɗin da kare ƙashin kada ya karye. Na farkon yana iya cin miliyoyi, na biyun mafi yawansa mai araha ne, kuma abin takaici shi ne aka fi sakaci da shi a wajenmu.

Mutane na tambaya, to ba an cire nonon ba, ta ina ya dawo? Nan ne masu cewa daji ba ya son ƙarfe suke samun bakin magana, su ce ai wuƙar da aka sa masa ce ta fusata shi. Ba haka ba ne. Tun kafin a yi aikin, wasu 'yan ƙwayoyin cutar da hoto ba ya iya gani sun riga sun bi jini sun je sun laɓe a ɓargo, kemo da ƙwayar da ake sha bayan aiki dama don su ake bayarwa, su kashe mafi yawa, wasu su tsira su kwanta shiru. Nau'in da ke cin sinadarin mata yana iya yin shekara 10 har 20 a kwance kafin ya motsa. Kuma ƙashi ne wurin da ya fi so, kusan kashi 70 cikin 100 na matan da cutar ta bazu a jikinsu ana samunta a ƙashi, musamman ƙashin baya, kwankwaso, haƙarƙari, saman cinya da saman dantse. Abin lura, ko da yake a ƙashi take zaune, har yanzu sankarar mama ce, ba ta zama sankarar ƙashi ba, don haka da magungunan mama ake yaƙarta. Wadda cutar ta tsaya mata a ƙashi kaɗai ma ta fi samun tsawon lokaci a kan wadda ta taɓa wa hanta ko ƙwaƙwalwa, akwai masu yin shekaru suna harkokinsu, suna aurar da 'ya'ya.

Ƙashi ba busasshen abu ba ne kamar yadda muke ganinsa a miya, kullum cikin gyara yake. Akwai ƙwayoyin halitta masu rusau da ke kankare tsohon ƙashi, akwai magina da ke bin bayansu suna cikewa, a jikin mai lafiya aikin nasu kan zo daidai. To ita sankarar in ta sauka sai ta riƙa fitar da wani sinadari da ke zuga masu rusau su yi ta ci ba tsayawa, shi kuma ƙashin da aka kankare yana sakin wasu sinadarai da ke ciyar da sankarar ta ƙara girma, ta ƙara zuga su, haka abin zai yi ta zagayawa har ƙashin ya zama rami-rami. Daga nan ciwon ke fitowa, fatar da ta lulluɓe ƙashi cike take da jijiyoyin jin zafi, ga kumburi, ga 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani, wani lokacin kuma ƙarin ya danne wata jijiya sai ta riƙa jin kamar wuta ko tartsatsin lantarki yana sauka ƙafa.

Bari in fara da raɗaɗin, don matar da ba ta barci ba ta cin abinci saboda azaba ba za ta iya ɗaukar wani kemo ba ma.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin nan na hawa-hawa, a fara da farasitamol da irin su ibufurofen ko diklofenak, in bai yi ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi kamar tiramadol da kodin, in ciwo ya tsananta a ba da mofin. Su diklofenak suna taimaka wa ciwon ƙashi sosai amma ba a yi musu shan kullum na watanni ido rufe, suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Tiramadol kuma yana da iyaka, in aka wuce miligiram 400 a yini ba ƙarin sauƙi sai haɗarin jijjiga. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne allurar fentazosin da ake ta danna wa masu daji, aikinta gajere ne, tana da iyakar da ba ta wucewa, tana lalata wajen da ake yinta har ya zama gyambo, kuma tana iya rage wa mofin ƙarfi in aka haɗa su. Mace ta yi ta ihu sai an nemo mai allura da tsakar dare, bayan awa biyu uku ciwon ya dawo sabo.

Mofin na sha, na ruwa ko na ƙwaya, shi ne ginshiƙin maganin ciwon daji mai tsanani a duk duniya. Likita zai fara da kaɗan, a riƙa sha bisa agogo duk bayan awa 4, ba wai a jira sai ciwo ya tashi ba, sannan a ware wani ɗan ƙari na musamman don lokacin da ciwon ya yi kutse, misali kafin a juya ta a shimfiɗa ko a kai ta banɗaki ko a sa ta a mota. In bai isa ba a ƙara, shi ba shi da irin iyakar tiramadol, gwargwadon ciwo gwargwadon magani. A kwanakin farko za ta iya jin barci-barci da tashin zuciya, wannan yana wucewa. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka duk ranar da aka fara mofin ranar ake fara mai sassauta ciki, irin ƙwayar sena, wadda dangin filaskon nan namu ce. Ciwon jijiya mai kama da wuta kuma yakan so a haɗa masa da amitiriftilin ko gabafentin.

To me ya sa ake tsoronsa haka? Wasu sun ɗauka allurar sallama ce, in aka fara ta to mutuwa ta zo. Dalilin wannan zaton a fili yake, an saba ba a ba da shi sai mara lafiya ta kai gargara, sai ta rasu bayan kwana biyu a ce maganin ne, alhali cutar ce. Wasu kuma tsoron kada ta zama 'yar ƙwaya suke, kuma na fahimce su, mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasa da matan aure a Arewa har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Amma mai shan mofin bisa ƙa'idar likita don ciwon daji na gaske ba kasafai take faɗawa shaye-shaye ba, abin da ake buƙata a kulle kwalbar a ba mutum ɗaya amana, a riƙa rubuta lokacin da aka ba ta. Ta fuskar addini ma malamai da dama sun yi bayanin halaccin irin wannan magani saboda lalura, kuma kowa ya yi jinya ya sani, matar da aka kashe wa ciwo ita ce ke iya alwala ko taimama ta yi sallarta da hankalinta, ta yi wa 'ya'yanta wasiyya.

Matsalar ba ta tsoro kaɗai ba ce, har da rashin samu. Wani babban kwamiti na mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da ake rabawa a duniya. Ba kuma don tsada ba, garin mofin abu ne mai arha. Yuganda ta nuna ana iyawa, Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, suka riƙa dama garin da ruwa suna zubawa a kwalabe, gwamnati ta karɓi abin tana bai wa marasa lafiya kyauta, a 2004 kuma aka ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi tunda likitoci ba su kai ƙauyuka ba. A Najeriya ma manyan asibitocin koyarwa na haɗa mofin na ruwa, sai dai sau tari sai dangi sun buɗe baki sun tambaya. Ku tambaya. Ku ce a haɗa ku da sashen kula da masu ciwo mai tsanani, wanda ma'aikata ke kira faliyetif.

Sai gashi da na'ura, wato rediyoterafi. Idan ciwon ya taru a waje ɗaya ko biyu, babu abin da ya kai shi aiki. Wajen mutum 6 cikin 10 suna samun sauƙi, wasu ciwon ya ɗauke gaba ɗaya har a rage musu mofin. Ga wani abu da ya kamata kowa ya sani, manyan bincike, ciki har da wanda aka yi a Holan aka buga a 1999, sun nuna gashi sau ɗaya tak mai ƙarfin girei 8 (girei shi ne ma'aunin ƙarfin gashin) yana kashe ciwon ƙashi daidai da wanda ake rarrabawa a yi ta zuwa kwana da kwanaki. Bambancin kawai masu sau ɗaya sun fi buƙatar a maimaita musu daga baya, kuma ana iya maimaitawar. Ku duba abin da wannan ke nufi ga matar da za a ɗauko daga ƙauyen Zamfara ko Yobe a bayan mota da ƙashin baya mai rami, ga kuɗin masauki ga na abincin masu jinya, zuwa ɗaya da zuwa goma ai ba ɗaya ba ne. Akwai yanayin da likita zai ga dogon tsarin ya fi, kamar bayan an yi aikin ƙashi, amma ba laifi ba ne a tambaye shi ko sau ɗaya zai wadatar. A sani kuma sauƙin ba a ranar yake zuwa ba, yakan ɗauki sati ɗaya zuwa huɗu, a kwana biyun farko ma ciwon na iya ƙaruwa kafin ya sauka, kada a ce gashin ne ya ɓata ta. Wuraren da aka san su da wannan aiki a Arewa akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, Babban Asibitin Ƙasa a Abuja, ga sabuwar cibiyar da aka buɗe a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina a 2025. A Nijar kuma cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai ta fara gashi a 2021. Na'urorin sun yi kaɗan ƙwarai in aka kwatanta da yawan jama'a, layi yana da tsawo, don haka a fara bincika ta waya ko na'urar na aiki kafin a ɗauko mara lafiya.

Na uku, magungunan ƙarfafa ƙashi, su ne ke taka wa masu rusau ɗin nan birki. Wanda aka fi samu shi ne Zometa da ire-irensa masu sauƙin kuɗi, miligiram 4 a dirip na kamar minti 15. A da duk wata ake yi, sai wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2017 ya nuna yin sa duk bayan sati 12 bai gaza na wata-wata ba, wannan ma ragin kuɗi ne babba. Akwai Xgeva, allurar ƙarƙashin fata duk sati 4, ta fi dacewa da mai matsalar ƙoda amma ta fi tsada, kuma ba a yanke ta kwatsam ba tare da shawarar likita ba. Ba sa kashe sankarar, aikinsu rage karaya da rage ciwo. Kafin a fara a duba ƙoda, a duba kalsiyam, a je wajen likitan haƙori a gyara duk wani ruɓaɓɓen haƙori, don cire haƙori ana tsakiyar shan maganin yana iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi. Dirip na farko yakan sa zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi na kwana ɗaya biyu, ba maleriya ba ce.

Akwai abubuwa uku da ba sa jiran ranar kilinik. Idan ciwon baya ya zagayo kamar an ɗaura mata ɗamara, ƙafafu suka fara nauyi ko dindiris, tana tuntuɓe, fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba ta sani ba, to ƙarin ya fara danne laka ne. Awoyi ake lissafawa a nan ba kwanaki ba. A kwantar da ita a miƙe a tafi asibiti a ranar, a ba ta deksametason mai rage kumburi, a yi hoton MRI, a yi gashi ko aiki. Wadda aka kama tana iya takawa yawanci takan ci gaba da takawa, wadda ƙafafun suka riga suka mutu kwana biyu uku da wuya su dawo. Wannan ne abin da ake yawan cewa jifa ne ko shafar aljanu a tsaya sati ana hayaƙi. Ruƙiyya ba ta hana tafiya asibiti, a yi mata a cikin motar. Na biyu, idan ta kama ƙishirwa mai yawa da yawan fitsari da amai da taurin ciki, sannan ta fara ruɗewa tana surutai, kada a ce fitar rai ce, sau da yawa kalsiyam ne da ya narke daga ƙashi ya cika jini, ƙarin ruwa da Zometa kan dawo da ita hayyacinta cikin 'yan kwanaki. Na uku karaya. Don Allah kada a kai mai sankarar ƙashi wajen maɗori, kada a yi mata ja ko tausa mai ƙarfi. Maɗora sun iya aikinsu a lafiyayyen ƙashi, amma wannan ƙashin cuta ta cinye shi, ba zai kama da kara da tsumma ba. In hoto ya nuna ƙashin cinya ya kusa karyewa, likitan ƙashi na iya sa ƙarfe tun kafin ya karye, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Yanzu ita cutar kanta. Idan aka ce magani ya gaza, ma'anarsa ƙwayoyin da maganin ke iya kashewa sun mutu, waɗanda suka samo dabarar kauce masa su ne suka hayayyafa. Ba yana nufin kowane magani zai gaza ba. Abin da zai nuna inda za a dosa shi ne takardar gwajin tsokar da aka cira, wadda ke ɗauke da ER da PR da HER2, wato alamomi uku da ake nema a jikin ƙwayoyin cutar don a san abin da ke sa ta girma. Mata da yawa a wajenmu an yi musu aiki an ba su kemo ba a taɓa yin wannan gwajin ba saboda kuɗi, ana ta harbi a duhu. In da hali a sake ciro tsoka daga inda cutar ta koma, don takan sauya hali, wadda ta fito babu a da ta fito akwai yanzu.

In ER ya nuna akwai, wato cutar na rayuwa da sinadarin mata da ake kira istirojin, to hanya na da tsawo, kuma ba dole a ruga kemo ba matuƙar hanta ko huhu ba su shiga haɗari ba. Wadda tamoksifen, ƙwayar nan da ake sha kullum bayan aiki, ya daina yi wa aiki ana mayar da ita kan letirozol ko anastirozol ko eksemesten, amma waɗannan sai ga wadda al'ada ta ɗauke wa. Mai sauran al'ada, kuma mu a nan yawancin masu cutar ba su tsufa ba, sai an tsayar da aikin ƙwan mahaifa tukuna, ko da allurar Zoladex duk wata, ko a cire ƙwan da ƙaramin aiki sau ɗaya a huta da sayen allura. Tsohuwar dabara ce, wani likita George Beatson ya fara ta a Gilasgo tun 1896, kuma har gobe tana aiki. Bayan nan akwai allurar Faslodex da ake yi a ɗuwawu. Babban canjin da aka samu shi ne zuwan su Ibrance a 2015 da Kisqali da Verzenio a 2017, ƙwayoyi ne da ake haɗawa da maganin sinadarin, a wani bincike matan da aka haɗa wa Kisqali da letirozol matsakaicin rayuwarsu ya kai kusan wata 64, masu letirozol kaɗai wata 51. In su ma suka gaza, a ƙasashen da suka ci gaba sai a gwada jini a ga irin canjin da ƙwayoyin halittar cutar suka yi, mai canjin ESR1 a ba ta Orserdu da aka amince da shi a 2023, mai canjin PIK3CA a ba ta Piqray, wanda ke tayar da suga sosai, ko a koma Afinitor, mai yawan sa gyambon baki.

In HER2 ne ya nuna akwai, Herceptin da ya fito a 1998 ya sauya labarin wannan nau'in baki ɗaya, kuma tun Disamba 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kwafinsa na farko mai rahusa. Ko cutar ta ci gaba ba a cika watsar da maganin HER2 ba, abokin haɗinsa ake canzawa. Akwai Kadcyla, akwai Enhertu wanda a gwajin da aka kara su ya riƙe cutar kusan wata 29 shi kuma Kadcyla kusan wata 7, sai dai yana iya taɓa huhu, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin kusan kowa a cikinmu.

Wanda duk ukun suka fito babu shi ne mai wuyar sha'ani, kuma ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Shi kemo ne makaminsa. A nan gado na da tasiri, binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan aka buga a 2018 ya gano kusan kashi 11 cikin 100 na matan da suka gwada masu sankarar mama suna ɗauke da canjin BRCA1 ko BRCA2, wato matsalar ƙwayar halitta da ake gado. Masu irin wannan akwai ƙwayar Lynparza, in ba hali kuma kabofilatin tsohon kemo ne mai araha da ke yi musu aiki sosai. Trodelvy ma ya zo a 2020, ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga kusan wata 7 zuwa 12 a matan da suka riga suka sha magunguna da yawa.

Shi kemo a wannan matakin ba irin na farko ba ne da ake haɗa biyu uku a buga da ƙarfi. Ɗaya-ɗaya ake bi, wannan ya daina aiki a koma wancan, ana auna ko jiki na ɗauka. Xeloda ƙwaya ce da ake sha a gida sati biyu a huta sati ɗaya, ta dace da wadda ke nesa da asibiti, illarta zawo da tsagewar tafin hannu da na ƙafa. Akwai fakilitaksel na sati-sati, akwai jemsitabin, akwai binorelbin. Kemon nan mai jan ruwa da aka ba ta a karon farko kuwa yana da adadin da ba a wucewa a tsawon rayuwa don yana raunana zuciya, shi ya sa tsohon fayil da takardun kemo na baya suke da muhimmanci, a adana su a leda, a ɗauki hotonsu a waya, duk asibitin da za a je a tafi da su.

Maganar kuɗi ba a kauce mata. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta 2022 ta nuna mata sama da dubu 32 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya a shekarar, sama da dubu 16 suka rasu, kuma wani bincike da aka buga a 2020 ya samu kashi 36 cikin 100 kacal na matan Najeriya da aka bibiya suke raye bayan shekara 3, saboda zuwa a makare da kuma yanke magani a tsakiya. Akwai Asusun Tallafin Masu Sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 don mama da bakin mahaifa da furostet na maza, Zariya da Gombe da Abuja na cikin asibitocin farko, akwai kuma shirin rage farashin kemo da aka ƙaddamar a 2019. Ba sa isa, amma a je ofishin walwalar marasa lafiya a cike fom, kada kunya ta hana. Ra'ayina dai, kafin a sayar da gona ko gida don wani sabon magani, a zaunar da likita a yi masa tambaya ƙarara: wata nawa ake sa ran zai ƙara, zagaye nawa ake buƙata, in kuɗinmu ya ƙare a na biyu akwai amfani? Don zagaye biyu na magani mai tsada da aka yanke bai kai tsari mai araha da aka ɗore a kai ba. Kuma a yi wannan zaman da ita a wajen. Ɓoye mata da ake yi wai kada hankalinta ya tashi, ita fa jikinta ne, ta riga kowa sani, sai dai a bar ta ita kaɗai da tsoronta tana yi muku kara kuna yi mata.

Lokaci na iya zuwa da kemo zai fi cutar wahalar da ita, ta koma yini a kwance, ba ci ba sha, jini kullum ƙasa. Likitan kirki zai faɗa, kuma dakatar da kemo a lokacin ba yanke ƙauna ba ne. Mofin na nan, gashi na nan in wani waje ya tashi, wankin gyambo na nan, juya ta duk bayan awa biyu don kada baya ya kwaile na nan. In za a koma da ita gida, kada a fita daga asibitin sai an karɓi maganin ciwo da zai kai har ranar dawowa, da takardar da ke nuna yadda za a ƙara shi in ciwon ya ƙaru, da lambar wayar nas ko likitan da za a kira, sannan a tsayar da wanda zai riƙa zuwa karɓo sabon magani tun kwalbar ba ta ƙare ba.